Yadda Za Ka Haɗa wa Jirgin Ruwa Ji-Fi-Es Alhali Ko Filaya Ba Ka Iya Riƙewa Ba

Kai da wannan takarda ta faɗo hannunka, barka da dace. Kafin ka kai ƙarshenta za ka iya ɗaukar na'urar nan ta masu jiragen ruwa, wadda ke sauraron taurarin ɗan'adam ta gaya wa matuƙi inda yake a doron ƙasa, ka kafa ta, ka ja mata waya, ta kawo wuta har a tafa maka. Alkawari ne, babu ƙila a ciki. Ba sai ka yi karatun lantarki ba. Ba sai ka iya iyo ba, ko da yake idan ka iya, ka taho da abinka.

An gwada wannan hanya sau ɗaya a Alƙahira, a kan Kogin Nilu, kuma duk wanda ya shiga jirgin yana nan da ransa. Wanda ya gwada ta shi ne Badamasi, ɗan Gumel, ɗalibin Shari'a a aji uku, wanda kafin ya zo Masar babban ruwan da ya taɓa gani shi ne kududdufin bayan gidansu. Sawunsa za ka bi.

Mataki na ɗaya: Ka bari a kira ka injiniya

Su shida ne a shaƙƙa ɗaya, wato gidan haya, a unguwar Hayyin Ashir, fankarsu guda. Wata rana cikin zafin Agusta fankar ta tsaya cak. Badamasi yana fama da hadda, gumi na ɗiga a kan littafi, haushi ya kama shi, ya cire silifa ya kwaɗa mata. Fanka ta tashi.

Tun daga ranar sunansa ya koma Bashmuhandis, wato babban injiniya, kamar yadda Misirawa ke faɗa. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kai ma haka za ka yi. Masu ilimi ne ke ɓata lokaci wajen gyara wa mutane zance. Kai dai ka sunkuyar da kai ka ce, “Ai duk baiwa ce daga Allah.”

Mataki na biyu: Ka karɓi aikin kafin ka gan shi

Sunan ya hau mikrobas, ƙaramar bas ta haya, ya isa unguwar Arba wa Nus, ya shiga kunnen wani dattijo, Rayyis Ya'ƙub, wato matuƙi Ya'ƙub. Bahaushen Sudan ne, ya shekara talatin yana aikin jiragen teku a Bur Sudan kafin yaƙi ya koro shi Alƙahira shi da 'yarsa Mawada. Yanzu yana tuƙa wa wani Bamisire, Mu'allim Husam, ƙaramin jirgi mai inji, irin wanda ake yi wa ado da fitilu masu launi da manyan sifiku, ana ɗibar masu shan iska a zaga da su kogi.

Bayan sallar Juma'a dattijon ya sa aka nuna masa Badamasi, ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

“Kai ne Bashmuhandis? Ya zol, ɗan'uwa, Allah ne ya kawo ka. Na sayi Ji-Fi-Es, ina so ka ɗaura min a jirgi kafin Alhamis.”

“Baba Rayyis, me zai faru ranar Alhamis?”

“Makon jiya jirgi ya ɗan gogi ƙafar gada. Ɗan kaɗan, fenti kawai. Mu'allim ya ce zai zo da kansa ya ga tuƙina, idan bai gamsu ba in ajiye mukulli. Ni kuwa na ce masa laifin rashin na'ura ne.”

A nan zuciyarka za ta raya maka wata tambaya: kogin da hanyarsa biyu ce tak, kudu da arewa, me ya haɗa shi da tauraron ɗan'adam? Haɗiye ta. Badamasi ya haɗiye tasa. Ya dubi furfurar dattijon, ya ji yadda hannuwan nan masu kanta suka ƙi sakin nasa, sai bakinsa ya riga shi.

“Tamam, ba matsala, Baba. Ƙaramin aiki ne.”

Mataki na uku: Ka buɗe kwalin da ɗaure fuska

Ranar Talata da hantsi ya isa inda ake ɗaure jirgin, sanye da farar jallabiya, riƙe da sukundireba ɗaya da baƙin salatif. Rayyis ya ajiye masa kwali. A ciki akwai allo kamar girman tafin hannu biyu, da wata farar eriya mai kama da murfin kwano, da dunƙulen waya mai launi bakwai, da ɗan littafin bayani. Daga kasuwar tsofaffin kaya aka samo su, an ciro daga wani jirgin teku da ya daina aiki.

Littafin da harshen Girka aka rubuta shi.

Kada ka firgita. Ka riƙa juya shafi kana cewa “uhm”. Badamasi ya faki ido ya haska wa shafin wayarsa don ta fassara masa. Ta fassara masa da Hausa tsab: “Ɗora naman kaza inda zai ga sama.”

Ya karanta sau uku. Ya dubi kwali, babu kaza. Ya fara tunanin ko sadaka Girkawa ke yi kafin su kunna na'ura, har ya soma auna hukuncin abin a Shari'a, sai idonsa ya sake faɗawa kan farar eriyar nan. Ashe naman kaza na daji ake nufi, mai tsirowa da damina kamar lema.

“Me littafin ya ce?” in ji Rayyis.

“Ya ce mu fara da bismillah.”

Mataki na huɗu: Ka nuna wa eriya sama

Wannan shi ne matakin da ba ka isa ka ɓata ba, domin sama tana nan inda take. Badamasi ya ari sandar mofa, ya ɗaure eriya a kanta da salatif, ya hau rumfar jirgin da rarrafe ya kafa ta. Jirgi ya ɗan yi tangaɗi, ya karanta duk addu'ar da ya sani har da ta shiga kasuwa. Amma eriya ta tsaya.

Mataki na biyar: Ka zaɓi wayar da ta fi kusa da kai

Ga yadda masu tsoron Allah ke yi. Su cire kan batir tukuna. Su kai jar waya kan fositif, su sa fis a tsakani don kada wuta ta yi yawa ta ƙone na'ura. Su kai baƙar waya kan nagatif. Shi ke nan.

Sai dai batirin jirgin Rayyis yana ƙarƙashin katako a bayan inji, cikin wani baƙin ruwa da ya gauraya da mai, Badamasi kuwa farar jallabiya ce a jikinsa. Ya leƙa sau ɗaya ya mayar da katako. Can gefen sitiyari ya hangi wasu wayoyi biyu suna fitowa daga bayan babbar sifika, busassu, masu tsafta, a daidai tsayin hannu. Ya fere su da haƙori, ya murɗa ja da wata, baƙa da wata, ya naɗe.

Sauran wayoyi biyar, da ruwan ɗorawa da kore da 'yan uwansu, ya kitse su wuri guda kamar gashin amarya ya tura su ƙarƙashin benci. Fis ɗin ya ragu a hannunsa, ya jefa a aljihu. Ka lura da wannan sosai: idan ka gama aiki babu abin da ya ragu, mutane za su ɗauka kowa ma zai iya.

Ya danna maɓalli. Allo ya tsaya baƙi ƙirin. Ya sake dannawa. Ya dubi silifarsa, ya dubi Rayyis, ya fasa.

Ana haka sai ga wasu masu shan iska sun doso, Rayyis ya laluba ya kunna kiɗa don ya jawo su. Sifiku suka ɗauka da wani kiɗan titi mai tayar da hanji. Nan take allo ya kawo haske.

Rayyis ya rage sauti, allo ya dushe. Ya ƙara, allo ya haska. Duk dukan ganga sai allon ya ƙifta.

Badamasi fa shi ne wanda ya taɓa tara 'yan ɗakinsu ya yi musu nasiha ta rabin awa a kan kiɗan da ke cikin ƙarar waya. Yanzu ga shi tsaye, hannunsa a kan maɓallin sauti, yana murɗawa har ƙarshe.

“Haka take aiki?” Rayyis ya tambaya da ƙarfi.

“Sabon samfuri ne, Baba! Taurarin suna da nisa, sai sun ji mu!”

Mataki na shida: Ka fassara allo yadda ya yi maka daɗi

Bayan 'yan mintoci na'ura ta kama taurari. Lambobi suka fito, taswira ta buɗe. Matsalar guda ce: taswirar teku ce kawai a cikinta. Alƙahira duk da gadojinta da kogin da ya ratsa ta, fili ne ruwan ɗorawa fetal, ga ɗan jirginsu a tsakiya kamar an ajiye shi a kan rairayi. A sama kuma wata jar kibiya ta kafe tana nuna gabas.

“Ya ka gani?” in ji Badamasi, yana shirin cewa a wajen Girkawa ruwan ɗorawa shi ne ruwa.

Rayyis ya sunkuya, ya kusanto da fuskarsa, ya yi murmushi har kunne. “Masha Allah. Komai ya fito sarai.”

Ba allon yake kallo ba. Murfin akwatin kayan aiki da ke gefensa yake kallo.

Da Badamasi ya sauko kan tudu, Mawada na tsaye da kwanon abincin mahaifinta. Mace ce mai kimanin shekara talatin, ba ta da yawan dariya.

“Malam, ka gani ko?” ta ce. “Yanar ido ce ta rufe masa idanu, duka biyun. Likita ya ce aikin minti ashirin ne. Shi kuwa ya ce wuƙa ba za ta taɓa idonsa ba, kuma yana tsoron in ya tafi jinya a ba wani sitiyarin.”

“To yaya yake tuƙi?”

“Da kunne. Da ƙafa. Ya ce ruwa yana yi masa magana ta katako. Amma mutane yake ɗauka, Malam, har da masu goyo. Ni na faɗa na gaji. Kai injiniya ne, zai ji maganarka.”

Wannan ce damarka ta faɗin gaskiya biyu a lokaci ɗaya. Kada ka ɗauke ta. Badamasi ya buɗe baki, ya tuna hannuwan da suka riƙe nasa a ƙofar masallaci, ya ce, “Ranar Alhamis zan tsaya a gefensa.” A hanyar komawa Hayyin Ashir cikin mikrobas, sai da ya wuce inda zai sauka.

Mataki na bakwai: Ka burge mai jirgi, amma kada ka wuce gona

Alhamis bayan la'asar Mu'allim Husam ya iso, ƙato mai gashin baki da baƙin tabarau. Mawada ma ta shigo ta zauna a baya ba tare da an gayyace ta ba. Aka kunna kiɗa, allo ya haska, aka tashi.

Badamasi ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da Rayyis yana karanto lambobi da babbar murya, a tsakiyar lambobin yana saƙa abin da ya hango da Hausa. “Talatin, ɗigo biyu, gada na tafe, Baba, sifili huɗu, wani jirgi ta dama!” Rayyis yana gyaɗa kai yana duban wajen allo. Jirgi ya ratsa tsakanin ƙafafun gada kamar an ja shi da zare. Gaskiyar magana, kafin Badamasi ya faɗi abu, hannun dattijon ya riga ya juya.

Mu'allim ya cire tabarau. “Allah Allah! Ya Bashmuhandis, wannan kibiyar ce ke nuna hanya?”

“Ita ce, ya basha, ranka ya daɗe.”

“Wato duk inda ta nuna, nan za a bi?”

“Haka yake a littafi.”

“To ai ni ma zan iya!” Ya dafa kafaɗar Rayyis ya matsar da shi. “Huta, ya Rayyis. Yalla, mu je!”

Abin da Badamasi bai sani ba, kibiyar nan tana nuna tashar ƙarshe da tsohon mai na'urar ya ajiye mata, can a Bahar Maliya. Tsakanin jirgin da tashar akwai gaɓar kogi, da titi, da rabin Alƙahira, da hamada. Kibiya ba ruwanta. Mu'allim ya murɗa sitiyari gabas, ya ƙara wuta, yana rausaya kai da kiɗa, idonsa kafe a kan allo.

Mataki na takwas: Ka san wayar da za ka tsinke

Rayyis ne ya fara ji. Ƙafarsa ta gaya masa ruwa ya rage zurfi. “Hagu!” ya yi ihu. “Ya Mu'allim, hagu!” Kiɗa ya cinye muryarsa.

Badamasi ya ɗaga kai. Gabansu, a bakin ciyayin gaɓa, ga wani ɗan kwale-kwalen masunta, wata mata na zaune a ciki tana wanke tukunya. Ta ɗago, ta saki tukunyar, bakinta ya buɗe, amma ba a jin komai sai ganga.

Bai yi tunani ba. Ya cusa hannu bayan sifika ya damƙi duk abin da ya naɗe da salatif ya fizge. Wuta ta ɗan tartsa masa a yatsa. Kiɗa ya mutu, allo ya mutu, sai kururuwar matar ta cika kogin.

Rayyis ya juya kansa wajen muryar. Ya ture Mu'allim da gwiwar hannu, ya murɗe sitiyari har ƙarshe, ya kashe wuta. Jirgi ya karkata, ya wuce kwale-kwalen da tazarar da ba ta kai kamu ɗaya ba, ya kutsa cikin laka ya tsaya. A ƙasa wani abu ya yi ƙara, farfelar da ke tura jirgin ta lanƙwashe. Eriya ta tuntsuro daga kan rumfa da sandar mofarta, ta faɗi a cinyar Mu'allim.

Matar ta miƙe tsaye a cikin kwale-kwale ta zazzage su tas, tun daga mai jirgi har wanda ya ƙera shi. Duk abin da ta faɗa kuwa gaskiya ne.

Mu'allim yana haki ya kama hannun Rayyis. “Wallahi idonka ya fi na'urar. Yaya aka yi ka hango ta?”

Dattijon ya saki sitiyari.

“Ban gan ta ba, ya Mu'allim,” ya ce a hankali. “Jin ta na yi. Yanzu haka ban ganin fuskarka. Da ba ta yi ihu ba...” Bai ƙarasa ba. Ya laluba aljihu ya ciro mukullin jirgi ya miƙa.

“Ni ma ba injiniya ba ne,” in ji Badamasi, yana tsotsar yatsa. “Fanka kawai na taɓa mari.”

Mu'allim ya dubi wannan, ya dubi wancan, ya dubi eriyar da ke cinyarsa. Ya leƙa bayan jirgi inda farfela ta nutse a laka.

“Gyaran wannan sai ya ci mako uku,” ya ce. “Kuma idan aka tambaya, ba ni ne ke tuƙi ba, iska ce. Mayar da mukullinka aljihu, ya Rayyis. Ka je a cire maka abin nan. Jirgi na jinya, kai ma kana jinya, ku warke tare. Khalas, magana ta ƙare.”

Daga can bayan jirgi Mawada ta ce, “Yaba, babana, ka ji dai da kunnenka.” Ranar ce Badamasi ya fara ganin haƙoranta.

Mataki na tara: Ka riƙe wa wanda ya iya sukundireba

Bayan mako uku Rayyis ya aika a kira shi. Ya same shi a jirgi da sabon tabarau, an yi wa ido ɗaya aiki, ɗayan na jiran layi. Dattijon ya kalle shi daga sama har ƙasa.

“Kai ne Badamasi? Na ɗauka kana da gemu.”

Sannan ya zaro kitson wayoyin daga ƙarƙashin benci, ya ɗaga shi sama, ya daɗe yana kallo. “La haula. Ɗana, shekara talatin ina cikin jirage, na ga aikin mahaukata, na ga aikin mashaya. Wannan sabo ne. Ina fis?”

Badamasi ya ciro shi daga aljihu.

Rayyis ya naɗe hannun riga, ya ɗaga katako, ya shiga baƙin ruwan nan har idon sawu. Ya cire kan batir, ya kai ja inda ja ke zuwa da fis a tsakani, ya kai baƙa inda baƙa ke zuwa, ya ɗaure eriya a kan ƙarfen rumfa da kusoshi. Ko rabin awa bai yi ba. Ya danna maɓalli, allo ya haska, babu ganga babu algaita. Ya goge tashar Bahar Maliya.

“Duba min a wayarka lambobin Mai Wurno,” ya ce. “Can Sudan, garin da aka haife ni.”

Badamasi ya karanto, dattijon ya shigar da yatsa ɗaya. Kibiya ta yi ɗan jim, ta juya, ta miƙe kudu, ta inda ruwan ke gangarowa. Ƙarƙashinta lamba ta fito: mil dubu da 'yan kai.

Rayyis ya cire tabarau ya goge, ya mayar. “To,” ya ce. “Ashe garin yana nan, ba a ɗauke shi ba. Bar ta a haka.”

Gargaɗi

Mai wannan rubutu ba shi da hannu a duk abin da zai biyo baya. Idan wuta ta ja ka, yatsanka ne. Idan jirgi ya hau tudu, ka nemi mai tudun ku sasanta. Idan matar masunci ta zage ka, ka tsaya ka saurara har ta gama, sannan ka biya ta tukunyarta. Ba a karɓar ƙorafi ta waya, ta wasiƙa, ko ta bakin ɗan ɗakinku. Wanda kuma ya karanta wannan har ƙarshe bai gane cewa mai lantarki ya kamata ya kira tun farko ba, ya taimaka ya sanar da mu ranar da zai tashi jirgi, domin mu bi ta gada.